Tsohon Idon Kyamara Mai Faɗi A Kan Kyamarar Zamani: Abin Dubawa Kafin A Saya A Kurmi A Aiko Bauchi

Wannan bayani na masu sana'ar hoto da bidiyo ne, da kuma waɗanda ba su taɓa riƙe kyamara ba amma su ake aike kasuwa. Ka san yadda abin yake. Kana Agege ko Idi-Araba ko Sabo a Ibadan kana neman na kanka, sai ƙaninka ya kira daga gida ya ce, "Yaya, don Allah in ka shiga Alaba ka duba min lens mai faɗi, ko da tsoho ne." Ka shiga shago a zube maka guda goma a kan tebur, duk baƙaƙe, duk da lambobi a jiki, mai shago yana rantsuwa kowanne zai hau kowace kyamara. To, ba haka ba ne.

Ni a Bauchi nake sana'ar hoto, kuma yawancin kayan aikinmu ta hannunku suke biyowa, tunda a Legas kayan gwanjo ke sauka. Tun da Dala ta tashi, sabon ido mai faɗi ya fi ƙarfin yaron da ya fara sana'a, shi ya sa aka koma neman tsofaffin na zamanin fim. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. Amma akwai lambobi biyu da in ba a san su ba kafin a biya kuɗi, abin da za a aiko gida ƙarfe ne kawai na danne takarda: girman sensar kyamarar da za a ɗora shi a kai, da tazarar da ke tsakanin bakinta da sensar.

Wane ido ake magana?

Idon kyamara, wanda mu masu sana'a muke kira lens, shi ne gilashin gaba da ake cirewa a sauya. Lambar milimita da ke jikinsa ita ke nuna yawan abin da zai kwaso, kuma ƙaramar lamba ita ce mai faɗi. Mai 50 matsakaici ne. Daga 35 zuwa ƙasa ake cewa mai faɗi. A kan fim ɗin da, wanda girmansa milimita 36 ne a 24, mai 28 yana kwaso digiri 75 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 24 digiri 84, mai 20 kuma digiri 94.

Waɗanda nake nufi an ƙera su ne daga wajen 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Ba mota a cikinsu, ba waya, ƙarfe ne da gilashi. Zobe biyu gare su: na fokas, wanda kake murzawa da hannu har hoto ya fito tas, da na ƙofar haske mai lambobi 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Da kyamara mai saita kanta ta zo, Minolta a 1985 da Canon a 1987 duk sun sauya bakin kyamarorinsu, sai tsofaffin idanunsu suka zama marayu, aka jibge su a akwati. Ba su farfaɗo ba sai da kyamarori marasa madubi suka fito, Panasonic G1 a 2008, sannan Sony A7 a 2013.

Mu a Bauchi ba don ado muke neman faɗi ba. Duk wanda aka taɓa kira ya ɗauki jeren ɗakin amarya a Jahun ko Nasarawa ya san zancen: gado ya cinye rabin ɗaki, kabad ya cinye saura, bayanka na manne da bango, uwar amarya kuma tana so komai ya fito a hoto ɗaya. Haka zaure, haka lungun cikin gari, haka layin 'yan atamfa a kasuwar Wunti. Inda ba wurin ja da baya, ido mai faɗi ne kawai mafita.

Lamba ta farko: girman sensa

Nan aka fi asarar kuɗi, don haka zan daɗe a kai. Duk tsofaffin idanun nan an yi su ne don fim mai 36 a 24. Kyamarar zamani mai babbar sensa, wadda 'yan kasuwa ke kira ful-firem, girmanta ɗaya da fim ɗin, irin su Canon 5D da 6D, Nikon D750, da Sony A7. A kansu mai 28 yana nan a 28 ɗinsa.

Amma yawancin kyamarorin da ke hannun matasanmu masu ƙaramar sensa ne: Canon 600D, 700D, 60D, Nikon D3200, D5300, Sony A6000. Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take ɗauka, ta bar gefuna. Lissafin ba wuya. A Nikon da Sony da Fujifilm ka ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6, a ƙananan Panasonic Lumix da Olympus kuma da 2. Ke nan mai 28 ya koma kamar 42 a Nikon, kusan 45 a Canon, 56 a Lumix. Ka ga faɗin ya tafi ke nan. Mai 24 ya koma 36 ko 38. Ko mai 20, wanda shi ne mai tsada a cikinsu, 30 ko 32 zai ba ka.

Ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Ɗan idon roba mai 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da waɗannan kyamarori, wanda kowa ke rainawa, a 18 ɗinsa yana ba da faɗin da ya kai na 27 zuwa 29. Wato ya fi tsohon mai 28, da mai 24, har da mai 20 faɗi a kan kyamara ɗaya. Saboda haka in ƙaninka 600D gare shi kuma ɗakin amarya ne damuwarsa, kada ka sayo masa tsohon mai 28. Ya ci gaba da na robarsa, ko ya tara kuɗi ya sayi na zamani mai 10 zuwa 18 da aka yi don ƙaramar sensa. Tsohon mai 28 a wurinsa zai zama matsakaicin ido ne mai kyau na hoton mutum biyu ko uku, wannan kuma wata buƙata ce daban.

Akwai hanya ɗaya ta dawo da faɗin, ga mai kyamara marar madubi kawai. Wata adafta ce mai gilashi a ciki da ke matse hoton ya shiga ƙaramar sensa. Kamfanin Metabones ya fito da ita a 2013 da sunan Speed Booster, daga baya kamfanonin Chaina suka yi masu sauƙin kuɗi. Tana ninka lambar da 0.71, sai mai 28 ya dawo kamar 30 a kan A6000, ta kuma ƙara haske ninki biyu. Tana aiki, amma masu arahar kan ɓata gefen hoto, kuma wani lokaci kuɗinta ya fi na idon kansa.

Lamba ta biyu: tazarar baki da sensa

Kowane kamfani ya ƙera idanunsa su zauna a wata tazara daga fim, ba ƙari ba ragi. Tsohon bakin Nikon F, wanda aka fara a 1959, milimita 46.5 ne. Olympus OM 46. Yashica da Contax 45.5. Pentax K da kuma mai zare da ake murɗawa kamar murfin kwalba, wanda ake kira M42, duk 45.46. Minolta MD 43.5. Canon FD 42.

Adafta ba komai ba ce illa zoben ƙarfe da ke cike gibi. In tazarar kyamararka ta fi ta idon gajarta, akwai gibin da za a cike. In ta fi tsawo, babu inda za a sa zoben. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya.

Kyamarori marasa madubi tazararsu gajera ce ƙwarai: Sony 18, Fujifilm 17.7, Canon R 20, Nikon Z 16, Lumix da Olympus 19.25. Duk tsofaffin da na lissafa suna hawa kansu lafiya da adaftar da ba gilashi, kuma irin wannan adafta ba ta rage wa hoto komai tunda rami ne kawai.

Masu madubi su ne da sharaɗi. Canon EOS tazararta 44 ce, don haka tana karɓar Nikon, Olympus, Yashica, Pentax da M42 da siririn zobe. Abin mamaki, tsohon idon Canon FD ne ba ya hawa Canon EOS, saboda 42 bai kai 44 ba. Minolta ma haka. Za a nuna maka adafta mai ɗan gilashi a tsakiya a ce ta warware matsalar. Ta rage faɗin, ta kuma dusashe hoton. Ni ba na ba kowa shawarar sayenta. Sannan ga masu 5D da 6D, madubinsu babba ne, kuma bayan wasu tsofaffin idanu masu faɗi yakan leƙo ciki har madubin ya doke shi lokacin ɗauka, musamman in an murza fokas zuwa nesa. A gwada a hankali a shago kafin a biya.

Nikon mai madubi kuwa, tunda tazararta ta fi ta duk waɗanda na lissafa tsawo, ba ta karɓar baƙo. Nikon sai Nikon. Daɗin abin shi ne tsofaffin Nikkor suna hawa kai tsaye ba adafta. Sai dai a kula da shekara. A 1977 Nikon ya sauya gindin zoben haske zuwa tsarin da ya kira AI. Waɗanda aka yi kafin nan gindinsu sumul yake, kuma in aka tura su da ƙarfi a kan D7000, D7100, D610, D750 da makamantansu suna iya karya ɗan maƙalin da ke gefen baki. Yadda za ka gane na AI: lambobin haske layi biyu ne, manya da ƙanana a bayansu, kuma 'yan kunnuwan ƙarfen da ke kan zoben suna da huji. A kan D3200 da D5300 da danginsu idon zai hau, amma kyamarar ba za ta auna maka haske ba, da kanka za ka ƙiyasta.

Wani abu da ya shafi masu faɗi fiye da sauran shi ne kaurin adaftar. Ido mai 28 tafiyar rubu'in milimita kacal yake yi tsakanin fokas na nesa can da fokas na mita 3. To in maƙerin adafta ya ƙara rubu'in milimita a kauri, abin da idonka ba zai gani ba, shi ke nan duk abin da ya wuce 'yan mitoci ba zai taɓa fitowa tas ba. In ya rage kuma, fokas zai wuce nesa, lambobin mita da ke jikin zoben su daina faɗin gaskiya. Na biyun ana iya zama da shi, na farkon ba a iya wa. Gwajin mai sauƙi ne: fito ƙofar shago, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, auna wani bene ko eriya mai nisa, ka zuƙo hoton a allo ka duba. Ka kuma girgiza idon a hankali. In yana motsi a kan adaftar, nemi wata.

Waɗanda suka cancanci a nema

Ba duk tsohon ido mai faɗi ne ke shiri da sensa ba, kuma dalilin yana da daɗin sani. Fim bai damu da ta inda haske ya faɗo masa ba. Sensa kuwa ƙananan ramuka ne miliyoyi, kamar rijiyoyi. Rana tsaka ce ke haska ƙasan rijiya, hasken la'asar a baki yake tsayawa. Idanun da aka yi wa kyamarori masu madubi dole aka nisanta bayansu daga fim don madubi ya samu wurin ɗagawa, dabarar da Pierre Angénieux na Faransa ya fito da ita a 1950, don haka haskensu a miƙe yake sauka. Su ne namu. Amma waɗanda aka yi wa tsofaffin kyamarori irin Leica da Zorki da Kiev bayansu yana kusa da fim sosai, haske yana zuwa gefe a karkace, sai ka ga kusurwoyin hoto sun yi duhu, sun yi ja-ja ko sun caɓe. Jupiter-12 na Rasha, mai 35, bayansa ma ya yi tsinin da zai iya gogar cikin wasu kyamarorin. In ka gan shi ka wuce.

A cikin masu kyau, in an ce in zaɓi ɗaya, Nikkor 28 mai f/2.8 na tsarin AI-S zan ɗauka, wanda ya fito a 1981. Yana fokas har kusan santimita 20, kuma bakin Nikon yana hawa kusan kowace kyamara. Ɗan'uwansa mai 24, wanda asalinsa ya fito a 1967, shi ne na farko da Nikon ya sa wa gilasan ciki masu motsi don hoton kusa ya yi kyau. Olympus Zuiko mai 24 da mai 28 ƙanana ne, ba nauyi. Takumar mai 28 na Pentax f/3.5 ne, bai da haske sosai, amma ƙarfensa kamar ba zai mutu ba. Yashica ML mai 28 yakan zo manne da tsohuwar FX-3, wani lokaci a sayar maka da su tare a kuɗin banza. Canon FD da Minolta MD masu 28 da 24 suna da kyau ga mai marar madubi, ko da yake masu shirya finafinai sun sa FD ya yi tsada. Wanda ke son faɗi na gaske sai ya nemi Flektogon mai 20 na tsohuwar Jamus ta Gabas, ko Tokina mai 17.

Akwai kuma na kamfanonin da ke yi wa kowa, Vivitar, Tokina, Sigma, Soligor. Su suka fi yawa a gwanjo, kuma su suka fi rikita mai saye, domin ido ɗaya ana yin sa da baki iri-iri. Sunan da ke gaba ba ya gaya maka komai. Juya bayansa ka nemi ƙananan haruffa: N/AI na Nikon ne, C/FD na Canon, M/MD na Minolta, O/OM na Olympus, P/K na Pentax, C/Y na Yashica. In ba ka gane ba, ɗauki hoton bayan ka tura wa mai saƙon ta WhatsApp kafin ka ciro kuɗi. Cinikin biri a sama ba ya yi a wannan harka.

Duba lafiyarsa a shago

Wannan aikin naku ne, 'yan Kurmi, don ciwon da ya fi kashe idon kyamara a ƙasarku yake. Laimar Legas da Fatakwal da Warri da Kalaba tana haifar da fumfuna a cikin gilashi. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar haske duka, kunna fitilar wayarka ka haska ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo ko kamar jijiyar ganye, fumfuna ce. 'Yar kaɗan a gefe ana iya wankewa, amma wadda ta daɗe takan cinye fentin gilashin, ko an goge tabon yana nan. In kuma ka ga kamar hayaƙi ya lulluɓe ciki, wannan hazo ne na man da ya tashi ya kwanta a gilashi, kuma hoton zai riƙa fitowa fari-fari. Ƙura 'yar kaɗan kada ta dame ka, ido mai shekara 40 ba ya rasa ta. Ƙarzuwa a gilashin gaba ma da sauƙi. Ta gilashin baya ce ba a yafewa.

Sai ganyayen ƙofar haske. Murza zoben zuwa 16, ka taɓa ɗan maƙalin da ke baya. Ya kamata su rufe su buɗe nan take, kuma a bushe. In suna sheƙin mai ko suna jan ƙafa, akwai aikin gyara a gaba, a rage kuɗi. Zoben fokas ya tafi sumul daga farko har ƙarshe, ba ƙara, ba inda yake cijewa. Duba bakin gaba ko ya lanƙwashe, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan, kuma ido mai faɗi da ya faɗi sau da yawa gefe ɗaya na hotonsa ba ya ƙara fitowa daidai.

In ka ga gilashi ya yi rawaya kamar shayi, irin yadda wasu Takumar masu 35 f/2 da Canon FD na farko masu 35 f/2 suke yi, ba lalacewa ba ce. Wani sinadari ne da aka sa a gilashin yake rinewa da shekaru, kuma kyamarar zamani tana gyara launin.

Yadda ake aiki da shi

Da farko kyamara za ta ɗauka babu ido a jikinta, tunda ba wayar da za su gaisa. A marasa madubi sai ka shiga menu ka kunna izinin ɗauka ba tare da ido ba. Sa ta a A ko Av, kai ka zaɓi ƙofar haske a kan zobe, ita ta zaɓi sauri. Ko ka sa M ka riƙe komai. In kyamarar tana da abin hana girgiza a jikinta, gaya mata lambar idon da hannu, in ba haka ba sai ta ƙara girgizar maimakon ta rage. Mai FD ya tuna akwai zobe a kan adaftar da sai an murza shi kafin ƙofar haske ta fara rufuwa. Mai M42 kuma ya tura ɗan makunnin gefe daga A zuwa M.

Jan layin da kyamara ke zanawa a kan abin da ya shiga fokas ba abin dogaro ba ne a ido mai faɗi, komai yakan yi ja. Zuƙo hoton a allo ya fi, kana buɗe da ƙofar haske, sannan ka rufe zuwa inda kake so.

Amma babbar fa'idar tsohon ido mai faɗi ita ce sau da yawa ba ka buƙatar yin fokas ɗin ma. A babbar sensa, sa mai 28 a f/8, ka ajiye zoben a ɗan sama da mita 3. Komai daga wajen mita 1.7 har ƙarshen gani zai fito. Mai 24 a f/8 ka ajiye shi a mita 2.4, ka samu daga mita 1.2. A ƙaramar sensa mai 28 sai ka kai shi mita 5, ka samu daga mita biyu da rabi. Ƙananan layukan da aka zana a jikin idon, masu 8 a hagu da 8 a dama, aikinsu ke nan, kuma yawancin idanun zamani ba su da su.

Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Rilwanu Suleimanu Adamu, nan ake ganin amfanin wannan. Ƙura ta tashi, dawaki na tahowa, mutane na gitta maka, kyamara mai saita kanta tana ta kai da kawowa tana neman abin kamawa. Kai kuwa ka riga ka ajiye zobenka, danna kawai kake yi. A tsakar rana f/8 da ISO 200 da saurin 1/800 sun isa su tsayar da doki. Wannan lissafi zai taimaki mai D3200 da ba ta auna masa haske. Sai dai ido mai faɗi yana nisanta abu, dokin da ka gani can a allo yana iya kasancewa a kanka. Riƙa ɗaga kai, kuma ka tsaya inda dogarai suka ce a tsaya.

A kabarin Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966 aka kuma buɗe ginin a 1979, darasin daban ne. Ana bi ta wata hanya mai duhu kafin a fito fili mai dogayen bango da ba rufi. A cikin duhun za ka so buɗe ƙofar haske duka, kuma nan ne tsohon ido ke nuna shekarunsa: tsakiya tas, kusurwoyi da laushi da ɗan duhu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rufe zuwa 5.6, ka jingina da bango ko ka ɗaga ISO. In ka fito fili kuma, da ka ɗaga hancin kyamara sama sai bangon su karkata kamar za su haɗe. Ba laifin idon ba ne, haka kowane mai faɗi yake. Riƙe kyamara a miƙe, in ya so ka yanke ƙasan hoton daga baya. Haka za ka yi a Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran. Kuma a irin waɗannan wurare, da fada, da kasuwa, nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Kusa da shingen jami'an tsaro kuwa bar ta a jaka.

A wurin biki ka kiyaye gefe. Duk wanda ya faɗa ƙarshen hoto zai baje, fuska ta ja. Sa amarya da iyaye mata a tsakiya, ka bar fili kaɗan hagu da dama, in ba so kake a ce ka ƙara wa Hajiya ƙiba ba. Kada kuma ka matsa kusa da fuska da mai 24, hanci zai riga kowa isowa.

Rana ma abokiyar gaba ce. Fentin hana ƙyalli mai hawa-hawa sai a farkon shekarun 1970 ya yaɗu, Pentax ya fara nasa a 1971. Idanun da suka girmi haka in suka kalli rana sai hoto ya wanke. Sa masa hula, ko ka kare shi da tafin hannu. Masu bidiyo suna son wannan wankewar, kuma su ne ma suka fi cin moriyar tsofaffin idanu, tunda zoben fokas ɗinsu yana da doguwar tafiya mai santsi. Su dai su tsaya a saurin 1/50 in suna ɗauka a ƙarƙashin fitilar NEPA don kada hoto ya riƙa ƙyaftawa. A waje kuma za su buƙaci gilashin rage haske. Bakin yawancin Nikon milimita 52 ne, na Pentax da Olympus 49, kuma a nemi siriri, domin mai kauri yana leƙowa a kusurwar mai 24 da mai 20.

Ajiya da aikowa

In a Kurmi idon zai zauna, kada ka bar shi cikin jakar fata ko ƙarƙashin gado lokacin damina. Samu roba mai murfi da ba ta shan iska, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa busar da su lokaci-lokaci. Wanda ya riga ya kamu da fumfuna a ware shi daban.

A Bauchi kuwa ƙura ce da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk sauya ido da ka yi a waje ƙura ta samu ƙofa, kuma a ido mai faɗi da aka rufe zuwa 11 ko 16 kowane ɗigo a kan sensa sai ya fito a sararin sama. Sauya a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ka hure gilashi da ɗan famfon roba kafin ka goge, kuma ba da bakin riga ba. A Maris da Afrilu kada a bar shi cikin mota a rana, man zoben fokas yana narkewa ya gangara kan ganyayen ƙofar haske. Watan Agusta kuma mu ma robar nan muke komawa.

Wajen aikowa, a rufe gaba da baya, in babu murfin baya a bar adaftar a jiki a ɗaure bakinta da leda mai tsabta. A naɗe shi da tsumma mai kauri a sa a ƙaramin kwali, a rubuta lambar da ke jikin idon a tura wa mai karɓa tare da hotonsa. Hanyar Legas zuwa Bauchi ta Lokoja da Jos doguwa ce kuma akwai gargada, don haka a roƙi direba ya ajiye shi a gaba kusa da shi, ba a but tare da buhunan goro ba.